An canza manhaja, kwas ɗin da na faɗi ya ɓace daga fotal: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji uku a wata jami'ar gwamnati, kuma matar aure mai goyo. Na shiga jami'a a kan tsohuwar manhaja. A aji ɗaya na faɗi kwas biyu: GST 112, na falsafa da mandiƙi, da GST 121, na amfani da laburare. Ina shirin shiga aji biyu ciki ya zo mini da laulayi mai tsanani, na nemi jinkirin shekara guda, aka ba ni. Da na dawo sai na tarar an canza manhaja, 'yan ajin da na haɗu da su duk sabuwa suke yi. Kodinetan ajinmu ya ce in manta da waɗancan biyun, an soke su, in bi 'yan aji kawai. Haka na yi, na rubuta duk abin da suka rubuta har da GST 212, na kuma ci. Yanzu an canza jami'in jarrabawa, sabon ya kira ni ya ce kwas biyun suna nan a kaina, ba zan fita ba sai na biya su. Na duba fotal, wato shafin intanet na jami'a da muke rajistar kwas a kansa, babu GST 121 sam. GST 112 yana nan, kuma mai shagon intanet da ke yi mana rajista ya ce in danna shi kawai tunda lambar ɗaya ce. Ya ƙara da cewa akwai wanda zai share mini su idan na kawo wani abu. Maigidana ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa, shekara huɗu aka yi da shi, ga shi yana jin ƙishin-ƙishin shida. Wallahi Anti har na fara tunanin ajiye karatun. Wa zan bi a cikinsu?

Mai goyo a aji uku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara miki lafiya.

Kafin komai, kada ki danna GST 112 ɗin da ke fotal. Kada ki ba kowa ko kwabo. Maganar ajiye karatu kuwa ki cire ta daga ranki, domin abin da ke gabanki aikin takarda ne, kuma ina kyautata zaton kin riga kin biya rabin bashin da ake bin ki ba ki sani ba. Zan zo kan wannan.

Kin tambaye ni wa za ki bi tsakanin kodineta da jami'in jarrabawa. A yadda abin yake yanzu, babu wanda za ki bi a cikinsu, don duk su biyun da baki suka gaya miki. Jami'a ba ta yaye ɗalibi da maganar baki. Ranar da za a tantance masu fita, malaman sashe za su zauna a ɗaki guda, jami'in jarrabawa ya raba dogayen takardun sakamako, kowane ɗalibi da layinsa: lambarsa, yunit nawa ya yi rajista (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), nawa ya ci, makinsa, sai gurbi na can ƙarshe inda ake rubuta kwasa-kwasan da suka rage a kansa. Idan aka zo layinki aka ga GST 121 a wannan gurbi, babu wanda zai tambayi abin da kodineta ya faɗa miki shekara biyu da suka wuce. Mai yiwuwa ma shi kansa ya tafi ƙarin karatu ko an ba shi wani aiki. Abin da za a tambaya shi ne, ina takardar da ta ɗauke mata? In babu, a ja layi a ƙarƙashin sunanki a wuce na gaba. Daga sashe takardun za su tafi majalisar tsangaya, daga can su tafi babbar majalisar malamai ta jami'a, wadda ita kaɗai ke da ikon cewa wane ya gama, wane bai gama ba. Saboda haka sabon jami'in nan da ya kira ki tun kina aji uku, gata ya yi miki, ko da maganarsa ta yi miki ɗaci. Da yawa sai suna jiran sunansu ya fito a jerin masu tafiya bautar ƙasa suke jin wannan labari.

Bari in yi miki bayanin abin da ya faru, don in kin shiga ofis ki san abin da kike magana a kai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita doka ta ba ikon tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a kowace digiri a Najeriya. Manhajar da kika shiga a kanta, wadda ake kira BMAS, ta 2007 ce. A watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da sabuwa mai suna CCMAS, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed yana shugabantar hukumar, aka kuma ce jami'o'i su fara aiki da ita daga shekarar karatu ta 2023/2024. A sabon tsarin hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da abin da ta ga ya dace da ita. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi ta suka a lokacin, tana cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Ga shi kuma canjin ya faɗo a kan kalandar da ta riga ta hargitse, bayan annobar korona da yajin aikin 2020, da kuma na wata takwas da aka yi daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Shi ya sa za ki ga jami'o'i ba su fara a lokaci guda ba, kuma kowace da yadda ta ɓullo wa tsofaffin ɗalibanta.

Inda canjin ya fi taɓa kowa shi ne waɗannan kwasa-kwasai na bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi komai fanninsa, waɗanda ake ce wa GST, a Bayero a ce GSP, a Zariya a ce GENS. Hukumar ta ce ta rage su daga yunit 36 zuwa 12, kwas shida kacal masu yunit bibbiyu. A aji ɗaya akwai GST 111 na sadarwa da Turanci da GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu. A aji biyu akwai GST 212 na falsafa da mandiƙi da rayuwar ɗan Adam, da ENT 211 na dabarun kasuwanci da ƙirƙira. A aji uku akwai GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, da ENT 312 na kafa sana'a.

To ki sake karanta jerin nan a hankali. GST 112 na yanzu na al'ummomin Najeriya ne. A tsohon tsari wannan kwas GST 113 ake ce masa, kuma tunda ba ki ambace shi cikin waɗanda kika faɗi ba, kin riga kin ci shi a aji ɗaya. Lambar ce aka ɗauke daga wani kwas aka liƙa wa wani. Da kin bi shawarar mai shago, da kin kwashe zango guda kina karanta abin da kika riga kika ci, ki rubuta jarrabawa, sannan a ƙarshe a ce miki falsafa na nan a kanki. Mai shago ya iya danna kwamfuta, amma bai san abin da ke cikin kwas ba, kuma ba shi zai tsaya gaban majalisa ba.

Ga kuma inda na ce kin biya rabin bashi. Falsafa da mandiƙin da kika faɗi a matsayin GST 112, shi ne aka mayar aji biyu aka sa masa GST 212, wanda kika ce kin rubuta kin ci. Sunansu kusan ɗaya, yunit ɗinsu ɗaya, abin da ke cikinsu ya yi kama ƙwarai. Abin da ya rage shi ne jami'arku ta rubuta cewa wannan ya tsaya a madadin wancan. Ba ni da ikon yanke miki wannan hukunci, kodineta ma ba shi da shi, amma hujjarki mai ƙarfi ce, kuma irin wannan daidaitawa ita ce hanyar da aka saba bi duk lokacin da manhaja ta canza. Abu guda da ba zai goge ba shi ne sifirin farko. A yawancin jami'o'inmu faɗuwa tana zama cikin lissafin maki ko bayan an biya kwas ɗin. Yunit biyu ne, ba zai karya ki ba, kada ki ɓata lokaci kina neman a cire shi.

GST 121 shi ne mai ɗan wuya, don ba shi da takwara a cikin shidan nan. Hanyoyin da jami'a kan bi ba su da yawa. Wata takan ci gaba da gudanar da tsohon kwas don ragowar ɗaliban da ke da kari-oba a kansa, sau da yawa ba tare da lacca mai yawa ba, a sa musu ranar jarrabawa daban. Wata takan zaɓi wani kwas ta ce a yi shi a madadinsa, musamman in ta riƙe darasin laburare a cikin kashi 30 ɗinta da wata lamba. Wata kuma majalisa takan ɗauke shi gaba ɗaya ga wanda aka mayar sabuwar manhaja. Rashin ganin sa a fotal ba ya nufin an ɗauke miki. Fotal na nuna miki kwasa-kwasan ajin da aka sa ki ne kawai, kuma masu kula da shi suna iya buɗe miki tsohon kwas cikin minti kaɗan in takarda ta zo musu daga inda ya dace. Wannan amsar tana ofishin daraktan sashen GST, ba a sashenku take ba. Ki je can da ƙafarki. Kusan tabbas ba ke kaɗai ba ce, za ki tarar da wasu masu irin matsalarki daga wasu tsangayoyi, wataƙila ma an riga an yanke hukunci a kanku an liƙa a allon sanarwa ba ki gani ba.

In aka ce sai kin rubuta shi, ki rubuta da zuciya ɗaya. Ni a ganina rage yawan kwasa-kwasan nan daidai ne, don a da ɗalibin aji ɗaya yakan kwashe kaso mai yawa na lokacinsa a manyan ɗakunan lacca da ba ya ko jin muryar malami. Amma cire darasin laburare daga jerin dole hasara ce. Ina ganin ɗaliban aji huɗu da ba su san yadda ake neman maƙala a mujallar ilimi ba, ba su san yadda ake ambaton littafin da aka ɗauko magana a cikinsa ba, sai an zo rubuta furojet na kammala digiri ido ya raina fata. Ke da za ki fara naki baɗi, wannan kwas zai yi miki rana fiye da yadda kike zato.

Sai dai akwai abin da ya fi kwas biyun nan girma, kuma babu wanda ya ɗaga miki shi. A kan wace manhaja za a yaye ki? Ƙa'idar da aka saba ita ce ɗalibi ya gama a kan manhajar da ya shiga da ita, shi ya sa aka fara sabuwar da 'yan aji ɗaya, na gaba da su suka ci gaba da tsohuwa. Ke kuwa jinkirin da kika yi ya sa ƙafarki ɗaya tana nan ɗaya tana can: aji ɗaya a tsohuwa, aji biyu a sabuwa. Idan da tsohuwa za a auna ki, akwai kwasa-kwasan aji biyu na tsohon tsari da ba ki yi ba. Idan da sabuwa ce, mai yiwuwa akwai na aji ɗaya na sashenku da 'yan ajinku suka yi, ke ba ki yi ba. Ko ta wane ɓangare aka duba, akwai giɓin da sai an cike shi da takarda. Wannan ita ce tambayar da za ki sa a gaba, sauran duk rassanta ne.

Ga abin da za ki yi a makon nan. Ki tattara takardar shigarki jami'a, da takardar amincewa da jinkirinki, da fom ɗin rajistar kwas na kowane zango mai ɗauke da sa hannun kodineta, da sakamakonki na aji ɗaya da na biyu, da kundin ɗalibai na shekarar da kika shiga in kina da shi. Fom ɗin aji biyu yana da muhimmanci na musamman: sa hannun kodineta a kansa, babu kwas biyun a ciki, shi ne shaidar cewa ba da kanki kika tsallake su ba. Sannan ki sami farar takarda ki ja layi uku. A na farko ki jera duk kwas ɗin da tsohuwar manhaja ta wajabta daga aji ɗaya zuwa huɗu, a na biyu ki jera na sabuwa, a na uku abin da ke kika yi da makin da kika samu. Ki bi su da suna da abin da ke ciki, ba da lamba ba. Kafin ki gama za ki ga ramukan da idonki. Ki haɗa jimillar yunit ɗin da kika ci ma. A sabon tsari digiri mai shekara huɗu ba ya kasa yunit 120 ga wanda ya shiga daga aji ɗaya, kuma sashe na iya neman fiye da haka. Wani lokaci a ɗauke wa ɗalibi kwas, ya yi murna, daga baya a ga jimillarsa ta gaza da yunit biyu.

Da wannan takarda za ki koma wurin jami'in jarrabawa, ki roƙe shi minti goma ku duba tare. Bayan nan ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, ta hannun kodineta, kwafi ga daraktan GST. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ki faɗi shekarar da kika shiga da shekarar da aka ba ki jinkiri, sannan ki nemi abu uku a fili: a tabbatar miki a rubuce manhajar da za a yaye ki a kanta, a karɓi GST 212 a madadin tsohon GST 112, a kuma faɗa miki yadda za ki biya GST 121. Ki yi kwafi biyu, sakataren sashe ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki ki adana. Ki tambaye shi yaushe majalisar sashe za ta zauna, ki dawo kwana biyu kafin ranar ki tuna masa cikin ladabi. Takardun ɗalibai sun fi kwana a cikin fayil saboda mantuwa, ba don mugunta ba.

Kada ki sa ƙorafi a kan kodineta a wasiƙar. Na san ranki ya sosu, kuma gaskiya bai kyauta ba da ya sallame ki da baki a kan abin da ya shafi digirinki. Amma yawancin masu wannan aiki ƙananan malamai ne da aka ɗora musu ɗaruruwan ɗalibai a kan koyarwarsu, aka miƙa musu sabuwar manhaja ba tare da jadawalin da ke nuna wane kwas ya maye gurbin wane ba. Laifin ya fi komawa kan duk jami'ar da ta canza tsari ba ta buga irin wannan jadawali ta liƙa kowa ya gani ba, alhali ta san kowace shekara akwai masu jinkiri saboda haihuwa, ko rashin lafiya, ko rashin kuɗin rajista. Ke dai sa hannunsa kike bukata, kuma zai fi saurin sa shi idan wasiƙar ta ce an shawarce ki ki bi 'yan aji, ba tare da nuna yatsa ba. Idan an kwashe makonni babu amsa, sai ki tafi wurin mataimakin shugaban tsangaya da kwafinki mai hatimi. A bi matakalar daki-daki. Wanda ya tsallake sashensa ya kai ƙara sama, sashen za a dawo masa da ita.

Maganar wanda zai share miki kuwa, ki toshe kunnenki. Sakamako ba a fotal kaɗai yake zaune ba. Akwai kwafi a sashe, akwai a tsangaya, akwai wanda majalisa ta amince da shi a ofishin harkokin karatu, kuma da su ake gwadawa kafin a ba da shaida. Ranar da aka ga saɓani, ba maganar kari-oba za a yi ba, maganar kora ce, kuma jami'a na iya janye digiri ko bayan shekaru. Mai karɓar kuɗin ba zai bayyana ba ranar. Ki canza kalmar sirrin fotal ɗinki ma, tunda mai shagon ya san ta.

Sai maigida. Ina ganin abin da ya fi damunsa shi ne rashin sanin ranar gamawa, kuma yana da hakkin ya sani. Kin shiga, kin yi jinkirin shekara guda da izini saboda lalurar da ta shafe ku duka biyu, shekara biyar ke nan in komai ya tafi daidai. Ta shidan da yake jin tsoro ba ta zama dole ba. Yunit biyu ne ko huɗu, ana kuma yarda ɗalibi ya ɗauki har 24 a zango, ga zangunan aji uku da na huɗu a gabanki da za a iya cusa su. Ko da lissafin manhaja ya fito da wasu ƙarin kwas ɗaya ko biyu, akwai wurin sa su matuƙar an gano su yanzu. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki shimfiɗa masa takardar nan mai layi uku, ki nuna masa abin da kika ci da abin da ya rage da wasiƙar da kika kai. Mutum ya fi haƙuri da abin da ya ga iyakarsa. Ki gode masa a kan abin da ya riga ya ɗauka, ki kuma faɗa masa takamaiman taimakon da kike so, kamar wanda zai riƙe miki yaro ranar da za ki bi ofisoshi. In kin ga maganar ta fi ƙarfinki, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, ba don a yi masa faɗa ba, don a tuna masa cewa an ci fiye da rabin tafiya.

Ki duba takardar jinkirinki da kyau, ki tabbatar majalisa ce ta amince da shi, ba sashe kaɗai ba. Digiri mai shekara huɗu yana da iyakar shekara shida, kuma jinkirin da aka amince da shi a hukumance galibi ba ya shiga wannan lissafi. In takardar sashe ce kawai a hannunki, ki sa neman tabbacin a cikin wasiƙar ya zama abu na huɗu.

Idan ranar rufe rajista ta matso amsa ba ta fito ba, kada ki zauna jira har a rufe. Ki yi rajistar kwasa-kwasan aji uku yadda suke, har da GST 312 da ENT 312 a zangon da suka faɗo, ki bar gurbin yunit biyu zuwa huɗu kada ki cike 24 ɗin. Bayan rufe rajista akan ba da 'yan makonni na ƙara kwas ko cire shi. Ki tambayi ranar da wannan dama za ta ƙare tun yanzu, ki rubuta ta a saman kwafin wasiƙarki, ki kuma gaya wa jami'in jarrabawa cewa kafin wannan rana kike bukatar amsa.